Barde Ɗan Hadari Na Talatin Da Ɗaya

Kowa a Karaye ya san Hajo mai ƙuli-ƙuli da abu biyu: man gyaɗarta ba ya kumfa a kasko, ita kuma ba ta mantuwa. In ka taka ta ranar suna, to ka saurari sakayya ranar auren jaririn. Mijinta ya rasu tun 'ya'yanta na ƙanana, ta ƙi sake aure, ta ce wanda ta yi ya ishe ta darasi. Amma ba wannan ne ya fi sa matan gari cin namanta a bakin rijiya ba. Akwatin ƙarfen nan ne kore da ke ƙarƙashin gadonta. Ba atamfa a ciki, ba murjani, ba ko tasa ɗaya. Takardu ne zalla. Littattafan zane na Barde Ɗan Hadari, guda talatin cif.

Na yanzu ba su san shi ba. Wasu 'yan littattafai ne sirara da wata ƙaramar maɗaba'a a Fagge ta riƙa bugawa tun kafin yaƙin basasa, har ta rufe a shekarar fari. Barden nan manomi ne, aradu ta faɗa masa a gindin gawo, maimakon ya mutu sai ya tashi da ƙarfin maza dubu. Ya yafa jar alkyabba, ya riƙa hawa gajimare kamar mai hawa jaki. A na uku ya ɗaga dalar gyaɗa ɗungurungum da hannu ɗaya don ya ciro ɗan dakon da buhuna suka danne. A na sha ɗaya yana cafke harsashi da haƙori. A na ashirin da biyu, lokacin da aka mayar da tuƙi hannun dama, ya tsaya tsakiyar titi yana raba motocin da direbobinsu suka manta. Na talatin kuwa, na ƙarshe, shi ne wanda ya ɗaure hadari da igiya yana jan sa zuwa gonakin da suka ƙone.

Yayanta Sulle ne ya fara saye, sa'ad da yake bin motar gyaɗa zuwa Kano. Bakwai na farko nasa ne. Da su ya koya wa Hajo haɗa baƙin boko a gindin rumbu, yana nuna mata da tsinke, in ta ɓata ya ɗalle mata kunne. Da yaƙi ya tashi ya shiga soja. Ranar da zai tafi ya buɗe na ɗaya, a farin shafin da ke bayan bango ya yi rubutu da ajami, don hannunsa ya fi faɗawa a nan. Ya sa bisimilla a sama, sannan ya rubuta: "Hajo ƙanwata, ki riƙe min su, ki ci gaba da tarawa. In na dawo ke za ki karanta min waɗanda ban gani ba."

Bai dawo ba. Ko hularsa ba a kawo ba. Ba kabari, ba hoto, sai wannan shafi.

Shekara ashirin Hajo ta yi tana cika umarni. Wani ta samo shi a wurin wanzami a Tudun Kaya. Wani a ƙauyen Turawa, an shimfiɗa shi a ƙasan kwabet an jera kwanuka a kai. Na sha tara kuwa shafi-shafi ta tsinto shi a wurin mai tsire, ranar kasuwa uku a jere tana tsaye a kansa, yana miƙa hannu zai yagi takardar naɗe nama tana fizgewa tana musanya masa da tsohuwar jarida, har ya ce baiwar Allah ko aljanu gare ki? Ta ɗinke shi da zare da allura. Tsakanin kowane biyu ta sa busasshen ganyen darbejiya saboda gara. Mata suna cewa ai Hajo da takarda ta yi aure na biyu. Ta ji, ta adana sunan duk wadda ta faɗa.

To, Hajo tana da taubashi, Malam Abdulsalami, ɗan Gwaggo Yelwa ƙanwar babanta. Hedimasta ne a wata firamare a Rogo. Mutum ne mai sanƙo da giɓi da tumbi, ga wani jan babur da ya saya sabo, wanda in ya hau sai ya riƙa danna ƙaho ko akuya ba ta tare hanya ba. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka a wasan taubasai shi ne bawa, kuma duk watan cika-ciki yakan zo karɓar kuɗin shara a wurinta, a yi zage-zage a yi dariya a rabu.

Cika-cikin wata shekara, da hantsi, Hajo ta baje littattafan a tabarma cikin inuwa suna shan iska, kamar yadda ta saba sau ɗaya a shekara. Sai ga ƙahon babur a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Ina uwargijiyar tawa mai warin tunkuza?"

"Wa alaikumus salam. Wa ya kwance min bawa daga turke? Shigo, sarkin ƙyalli, kada rana ta soya 'yar ƙwaƙwalwar da ta rage."

"Ina kwana, ina gajiya? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau. Ya Gwaggo da ƙafa? Ya iyali? Har yanzu suna haƙuri da kai?"

"Sun fi ki haƙuri, tunda su ba su kashe miji da surutu ba."

"Za su kai, Allah ya ba su lokaci."

Ta kawo masa ruwa da ƙuli-ƙuli mai zafi, ta koma madafa don kaskonta na kan wuta. Abin da Hajo ba ta sani ba, kwanan baya wani Dakta Mijinyawa daga jami'a a Kano ya zaga makarantu yana cigiyar tsofaffin littattafan Hausa, har ya ambaci Barde Ɗan Hadari ya ce wanda duk ya mallaki na ɗaya ya riƙe tarihi a hannunsa. Abdulsalami, da bai taɓa karanta ko shafi ɗaya ba, wanda kullum yake ce musu shirmen 'yan tasha, ya ji wannan magana ta zauna masa a tumbi.

Tana fitowa ta gan shi tsaye, yana cusa wani abu a aljihun babbar riga.

"Bana ki riƙe sulallanki," in ji shi. "Na ɗauki sharata da hannuna."

Ta dubi tabarma. Gurbin na ɗaya fayau.

"Kai, bawa, ajiye. Ɗauki akuya in kana so."

"Akuya tana da tarihi ne?"

"Abdulsalami, na Yaya Sulle ne. Ajiye."

"Ai shi ma taubashina ne, Allah ya jiƙansa. Sharar shekara ashirin ke nan na haɗa."

Kafin ta zagayo turmi ya kai zaure. Kafin ta kai zaure ya tayar da babur. Ta tsaya a ƙofar gida da ludayi a hannu, ba mayafi, maƙwabta na leƙe suna dariya, don kowa ya san wasan taubasai ne.

Ta ba shi mako guda ya gama wasansa. Shiru. Ta shiga motar Rogo.

Gwaggo Yelwa a gidansa take zaune, ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Hajo ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ta zo karɓar littafinta da bawanta ya ɗauke.

"Haba Hajo," in ji Gwaggo. "A kan takardar tatsuniya kika baro kaskonki? Wasan taubashi ai ba a fushi da shi, ba a kuma kai shi gaban alƙali. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Haka muka taras."

"Haka ne, Gwaggo."

Ta shiga ɗakin baƙinsa. Ga littafin can cikin kwabet mai gilashi, an jingina shi da agogo kamar hoton ango. Ta buɗe ta ɗauko. Ta ɗaga bango.

Farin shafin babu. An bi gindinsa da reza an yanke tas. A bayan bangon an buga hatimi mai shuɗiyar tawada, an rubuta da jan biro: Mallakar Malam Abdulsalami, Hedimasta, tun yana ɗalibi.

Ta ji kamar yau ne aka zo aka ce Sulle ba ya cikin waɗanda suka sauka a jirgi.

"Wani ƙazamin rubutu ne a wurin," in ji Abdulsalami daga bakin ƙofa, yana sakace. "Kamar kaza ta bi ta kan tawada. Na gyara shi." Ya zare littafin daga hannunta, ya mayar, ya murɗa makulli.

"Ina takardar?"

"Tambayi iska."

Hajo ta dube shi tun daga sanƙo har takalmi. Ta san shi tun yana fitsarin kwance. Zai iya cin amanar mutum ya sha ruwa, amma tsoron abin da zai same shi ba zai bar shi ya jefa takarda mai bisimilla a juji ba. Ko a hanya ya tsinci irinta sai ya soke ta a tsagar bango. Takardar tana nan wani wuri. Sai dai in ta roƙa ba zai bayar ba, don fito da ita daidai yake da cewa littafin ba nasa ba ne. In kuma ta faɗa wa Gwaggo yanzu, a cikin gida, zai rantse ya ce ta ɓata, a ba ta haƙuri, magana ta mutu a tsakar gida.

Sai ta yi dariya. "Kai dai bawan nan akwai ɗan banzan wasa."

Ta ci tuwon Gwaggo har da neman ƙari, ta yi sallama. Wanda ya san Hajo ya san gara ta zage ka da ta yi maka irin wannan dariya.

Cikin watannin da suka biyo baya Abdulsalami ya zama masanin tarihi. Dakta Mijinyawa ya zo ya ga na ɗaya, ya riƙe shi da hannu biyu, ya yi alkawarin zai dawo ranar rabon kyaututtuka ta makarantar a baɗi, da baƙi daga Kano, a nuna wa jama'a. Daga nan fa ba a zama lafiya a majalisa. Ya tsinto guda huɗu yagaggu ya ƙara a kwabet. Ya ce shi da mai zanen Barde tare suke shan fura a Fagge. Ya ce shi ne ma ya ba da shawarar a yi alkyabbar ja. Duk abin da ya faɗa da safe a Rogo, kafin la'asar ya iso kaskon Hajo, ta juya ƙuli-ƙulinta ta ce, "Allah ya ƙara ilimi."

Wata ranar kasuwa ta ɗauki littattafai uku a ƙarƙashin mayafi ta nufi bayan tasha, wurin Lukumanu mai fenti, wanda ke zana zaki da dawisu a jikin manyan motoci. Magidanci ne yanzu, amma a tabarmar Hajo ya koyi zane, yana kwaikwayon Barde da gawayi. Kuma yana da nasa ciwon: ya taɓa rubuta wa makarantar Abdulsalami allon ƙofa, hedimasta ya tara malamai ya ce su zo su ga aikin jahili.

"Lukumanu, hannunka na nan?"

"Yana nan, Yaya Hajo. Me za a zana?"

"Barde na talatin da ɗaya."

"Ai a talatin ya tsaya."

"Shi ya sa."

Ta zauna a kan tsohuwar taya ta warware masa. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa mai zanen ya gama na talatin da ɗaya da hannunsa, maɗaba'a ta rufe kafin a buga. To shi za a yi. Shafi goma sha huɗu labari ne sosai, Barde na faɗa da farin ɗango da suka rufe rana. Shafi biyun ƙarshe kuwa ita za ta faɗi abin da za a sa. Da ta faɗa, Lukumanu ya ajiye burushi ya yi dariya har da tari.

"Giɓin a dama yake ko a hagu?"

"A tsakiya. Kuma ka je ka kwafo lambar babur ɗin, kada ka ɓata ko ɗaya."

Wata biyu yana aikin, da tawadar allo da alƙalamin ƙarfe, a kan wata tsohuwar farar takarda da ta yi ja don daɗewa. Da ya gama, Hajo ta ɗinke da irin ɗinkinta, ta jiƙa ƙaro ta shafa siriri a gefen shafi biyun ƙarshe ta manne su. Ta soke littafin a rufin madafa, saitin murhu. Wata uku yana shan hayaƙin kara da tururin man gyaɗa. Da ta sauko da shi, ko ita sai da ta ji kamar ta gaishe shi, don ya fi ta alamar tsufa.

Saura a kai labari. Wannan bai ba ta wahala ba. Ta je kitso wurin Talatu, wadda ke da 'yar'uwa a Rogo, ta bari an kai rabin kai, sannan ta rage murya.

"Talatu, zan gaya miki wata magana, amma ki rantse ba za ta fita ba."

"Haba Hajo, ni? Kabari ce ni."

"Na samu na talatin da ɗaya. Zanen hannun mai shi, wanda ba a buga ba. Duk duniya shi kaɗai ne. Na ɓoye shi a ƙwaryar da ke cikin ragaya, a ƙuryar ɗakina, kada bawan nan ya ji."

Kabarin nan kwana biyu ya yi ya isa Rogo.

Cika-ciki ya zagayo, saura mako uku rabon kyaututtuka. Hajo ba ta baje komai a tabarma ba. Abdulsalami ya zo da fara'a har kunne, ya gaishe ta gaisuwar da bai taɓa yi ba, har da tambayar awaki.

"Uwargijiya, yau ba a shanya tarihi ba?"

"Kura ta shigo gari, an ɗaure awaki."

"To a ba bawa ruwa mana. Na randar zaure nake so, ya fi sanyi."

Ta tafi zaure, ta yi ta jan ƙafa, ta wanke moɗa sau uku. Tana dawowa ta same shi yana fitowa daga ɗakinta, ragaya na lilo a bayansa, littafi a hammata.

Nan fa Hajo ta saki moɗa. Ta ɗora hannu a ka. Ta kama gefen rigarsa ta durƙusa, ta kira shi da sunan da ba ta taɓa kiran sa ba.

"Malam, don girman Allah! Ka ɗauki na ɗaya, ka bar min wannan!"

"Shara ce, uwargijiya. Ba a fushi."

"To na roƙe ka abu ɗaya. Shafi biyun ƙarshe damina ta manne su. Kada ka ja, wallahi yagewa za su yi. Ni kaina ban taɓa ɓamɓarawa ba. Sai wanda ya san aikin, da tururi."

"Ke kin ga masani ne a gidan ƙuli-ƙuli? Dakta zai buɗe shi a gaban jama'a, ki zo ki sha kallo."

"Zan zo," in ji ta, tana share ido da gefen zane. Ƙarar babur na ɓacewa ta tashi ta kakkaɓe gwiwa, ta ɗauki moɗarta ta sake ɗebo ruwan ta sha da kanta.

Ranar rabon kyaututtuka an kafa rumfa a filin makaranta. Ga dagaci, ga manya daga ƙaramar hukuma, ga iyaye maza a benci, mata a tabarmi ta gefe, Gwaggo Yelwa a gabansu an ba ta kujera saboda ƙafa. Hajo ta zo da faranti cike da ƙuli-ƙuli ta raba kyauta, ta zauna dab da Gwaggo. Lukumanu ma ya rufe rumfarsa ya zo, ya tsaya can baya ya harɗe hannu. Jan babur na kafe a gindin rumfa, an wanke shi yana walƙiya.

Bayan an raba littattafai da sabulu, Dakta Mijinyawa ya tashi. Siririn mutum ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya ɗaga na ɗaya ya ce jama'a kada su raina irin waɗannan. Ya ce dalar gyaɗa ta tafi, wanda bai gan ta ba sai a nan zai ga yadda ɗan dako ke hawa da buhu a ka. Ya ce manyan littattafai sun rubuta abin da shugabanni suka yi lokacin yaƙi da lokacin fari, amma abin da talaka ya ji tsoro da abin da ya yi fata, a bakin Barde aka ajiye shi. Hajo ta gyaɗa kai. Wannan dai ya san abin da yake faɗa.

Sannan Abdulsalami ya miƙo na talatin da ɗaya, naɗe cikin farin ƙyalle. Dakta ya buɗe, ya shinshina, ya juya shafi a hankali, ya ɗan ɗaga gira.

"Zanen hannu ne. Malam Hedimasta, a ina ka samo wannan?"

Abdulsalami ya karɓi lasifika ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, mai zanen da kansa ya danƙa min shi a Fagge, shekarar fari, ranar da aka rufe maɗaba'a. Yana kuka ya ce, Abdulsalami, kai kaɗai na yarda da kai. Shekara goma sha biyar yana akwatina, ko iyalina ba su taɓa gani ba. Shafin ƙarshe ma ban buɗe ba, na ce sai masani irinka."

Aka yi tafi. Aka aika wurin mai shayi ya kawo buta tana tafasa. Dakta ya kara gefen takardar a bakin buta, ya sa tsinken ashana yana bi a hankali. Ƙaro ya saki. Shafi ya buɗe.

Dakta ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya dubi hedimasta, ya dubi babur, ya sake duban takarda.

"A nuna mana!" in ji wani daga benci.

Dagaci ya miƙo hannu ya karɓa. Kallo ɗaya ya yi ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Daga hannunsa littafin ya bi layin manya, daga nan ya faɗa benci, kuma duk inda ya sauka sai dariya ta tashi kamar an watsa wa kaji tsaba.

Ga abin da ke ciki. Barde Ɗan Hadari a kan gajimare, ya ɗaga wani mutum ta wuyan babbar riga. Mutumin na da sanƙo da tumbi da giɓi a tsakiya, ƙafafunsa na wutsil-wutsil, reza a hannunsa na dama, yankakkiyar takarda a na hagu. Can ƙasa ga jan babur kwance, lambarsa ɓaro-ɓaro. Daga bakin Barde an rubuta: "Ina takardar Sulle, ɓarawon shara?" A ɗaya shafin kuwa ba abin dariya. Wani saurayi ne da kakin soja a gindin rumbu yana rubutu a littafi, yarinya na leƙe ta kafaɗarsa, an kwafe kalmominsa a ƙasa da ajami da boko.

Dakta ya karɓi lasifika. "Malam Hedimasta, a gafarce ni. Babur ɗin nan tun shekarar fari kake hawansa?"

Fili ya ɗauka da dariya. Har mai shayi sai da ya ajiye buta.

Abdulsalami ya fizgo littafin ya gani da idonsa. Sanƙonsa ya jiƙe sharkaf. Ya juyo wajen mata yana nuni da yatsa.

"Hajo! Ke ce! Wallahi sai na kai ki kotu! A gaban baƙina? A gaban ɗalibaina?"

Hajo ba ta tashi ba. Ta juya wajen Gwaggo Yelwa, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Gwaggo, kin ji bawana wai zai kai wasa gaban alƙali. Ashe ana kaiwa? Ni dai ban ba shi komai ba. Shi ya shiga ɗakina ya ɗauki shararsa da hannunsa."

"Ba a kaiwa," in ji Gwaggo. Amma ba ta dariya. An riga an nuna mata shafin soja, wata ta karanta mata. Sulle ɗan ɗakinta ne, a bayanta ya yi wayo. "Abdulsalami, zo nan. Wace takarda ce ta Sulle?"

"Inna, wani ɗan rubutu ne kawai..."

"Rubutun hannunsa? Ka sa reza a rubutun Sulle? Kana gidan nan kana ji na ina cewa ko tsummansa ban samu na shinshina ba?" Ta buga sanda a ƙasa. "Tana ina?"

Fili duka na jira.

"A azarar zaure," in ji shi, da ƙyar.

"Je ka ɗauko. Muna zaune."

Ya nufi babur. Ya taka sau uku bai tashi ba, ga ido ɗari a kan lambar. Ya bar shi ya tafi a ƙasa, babbar riga na jan ƙura.

Da ya dawo ya miƙa wa uwarsa, ita ta miƙa wa Hajo. Shekara guda takardar ta yi a cikin azara, ba ganyen darbejiya, ba mai dubawa. Gara ta cinye rabin ƙasa. Bisimilla na nan. "Hajo ƙanwata, ki riƙe min su" na nan. Daga nan sai huda da ƙasa-ƙasa. Wurin da ya ce in na dawo babu shi.

Hajo ta hure ƙasar a hankali. Ba ta yi kuka ba, don ta riga ta kashe hawayenta na ƙarya a kan wannan mutum, ba za ta ba shi na gaskiya ba. Ta tashi ta je teburin manya, ta ɗauki na ɗaya, ta sa takardar a gurbinta, ta cusa a ƙirji.

Dakta Mijinyawa ya biyo ta. "Baiwar Allah, ashe naki ne. An ce kina da sauran?"

"Talatin. Na Yaya Sulle ne, ni ajiya aka ba ni. In kana son gani ka zo Karaye, ka wanke hannu, kuma duk abin da za ka rubuta sunansa ne a farko."

"Na yarda. Wannan na talatin da ɗaya fa? Ko da yake sabo ne, hannun da ya yi shi gwani ne. Shi ma wata rana tarihi ne."

Abdulsalami ya matso da sauri. "Ranka ya daɗe, wannan ai nawa ne, a ba ni in..."

"Naka ne?" in ji Hajo. "To sake gaya wa jama'a wanda ya ba ka."

Ya ja baya. Ta ɗauki littafin, ta naɗe shi cikin farin ƙyallen hedimasta, ta miƙa wa Dakta da hannu biyu.

"Na ba ka kyauta. Lukumanu mai fenti ne ya zana, ga shi can, a rubuta sunansa. A kai shi Kano a sa a gilashi, a buɗe shi a shafin ƙarshe. Kuma don Allah a ajiye shi inda gara ba ta zuwa."

Da ta koma gida ta jiƙa ragowar ƙaron nan ta manne takardar Sulle a inda aka yanke ta. Hatimin hedimasta kuwa ba ta goge ba, ta ce a bar shi, shaida ne. Kafin wata ya ƙare Abdulsalami ya sayar da jan babur, amma wanda ya saya ya kai wa Lukumanu ya zana masa gajimare a tanki, saboda haka bai tsira ba.

Cika-cikin da ya biyo baya bai zo Karaye ba. Hajo ta jira har azahar, sannan ta rufe kasko ta yafa mayafi ta shiga motar Rogo. Ta same shi a majalisa a ƙofar gida, cikin mutane. Ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyalinsu, sannan ta kwance bakin zane ta ajiye masa sabuwar reza a kan tabarma.

"Bawana, ba ka zo karɓar shara ba, na ce bari in kawo maka. Ko fushi kake yi?"

Mutane suka zuba masa ido. Ya dubi rezar, ya dubi ƙofar gidan da uwarsa ke ciki. Ya buɗe giɓinsa da ƙyar.

"Wane ni," in ji shi. "Ai wasa ne."

"Wasa ne," in ji Hajo. "Sai baɗi."